Kofin Duniya na Ƙwallon Kwando: Abin da Mai Kallo a Gadarif Ya Kamata Ya Sani

A ƙarshen watan Agustan 2027, ana tsakiyar damina, manoman Gadarif na can cikin gonakin riɗi da dawa, za a buɗe gasar cin kofin duniya ta ƙwallon kwando ta maza a Doha, babban birnin Katar. Wannan ne karon farko da wata ƙasar Larabawa za ta karɓi baƙuncin gasar. Ƙasashe 32 za su kara, biyar daga cikinsu daga Afirka. Tazarar agogon Doha da na Sudan awa ɗaya ce kacal, don haka ba za a sha wahalar da aka sha a 2023 ba, lokacin da aka yi gasar a Filifin da Japan da Indonesiya, wasanni suna faɗowa da hantsi mutane na wurin neman abinci.

A Gadarif, kamar sauran garuruwan Sudan, in aka ce ƙwallo to ta ƙafa ake nufi, hirar kuma ba ta wuce ƙungiyoyin Hilal da Merrikh. Amma Bahaushen Gadarif yana da dalilin da zai sa ya leƙa wannan gasa fiye da yadda yake zato, domin ƙasashe uku da suka shafe shi duk suna da tarihi a cikinta: Sudan da yake ɗanta, Sudan ta Kudu da aka yi zaman ƙasa ɗaya da ita har 2011, da Najeriya inda kakanninsa suka taso suka nufo gabas.

Wasan kansa ba wuya gare shi ba. Wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, James Naismith, shi ya ƙirƙiro shi a 1891 a garin Springfield na Amurka, sunansa ne ma aka sa wa kofin. Kowane ɓangare yana zuwa da 'yan wasa 12, biyar a fili, kuma ana canji yadda aka ga dama. Kwandon yana rataye a tsayin mita 3.05. Wanda ya jefa daga kusa ya ci maki biyu, wanda ya jefa daga bayan layin da ke nisan mita 6.75 ya ci uku, jifan da ake bayarwa idan an yi wa mutum ƙeta kuwa maki ɗaya ne kowane. Ana yin zango huɗu, minti goma-goma. Wanda ya yi laifi biyar ya fita ke nan, sai wani ya maye gurbinsa. Abu biyu ne za su ba mai kallon ƙwallon ƙafa mamaki. Ba a riƙe ƙwallo don cin lokaci, domin daƙiƙa 24 kawai ake ba ƙungiya ta kai hari kan kwando, in ta wuce a karɓe. Kuma ba a tashi kunnen doki: in maki ya zo daidai sai a ƙara minti biyar, a yi ta ƙarawa har a sami gwani.

Hukumar FIBA, wadda aka kafa a Geneva a 1932, ita ke shirya gasar. An fara ta a 1950 a Ajantina, masu masaukin suka cinye, Masar ta zo ta biyar, kuma har yau babu ƙasar Afirka da ta kai wannan matsayi. Mutane da yawa suna ɗauka Amurka ce ke lashe kofin duk lokacin da aka yi, saboda ita ke da gasar NBA. Ba haka ba ne. Sau biyar ta ɗauka, daidai da tsohuwar Yugoslabiya. A 2019 Sifaniya ce ta ɗauka a Sin, Amurka ta ƙare ta bakwai. A 2023 Jamus ta doke Sabiya da maki 83 da 77 a wasan ƙarshe a Manila, Amurka ko tagulla ba ta samu ba, Kanada ta hana ta. Manyan taurarin Amurka sun fi ɗaukar gasar Olamfik da muhimmanci, sau da yawa sukan ƙi zuwa kofin duniya, sauran ƙasashe kuwa suna zuwa da mutanen da suka shekara goma suna wasa tare.

Sudan ba ta taɓa zuwa wannan gasa ba. Sai dai wanda ya ce ba ta da tarihi a ƙwallon kwando bai bincika ba. Lokacin da aka yi gasar Afirka ta farko a Alƙahira a 1962, wadda yanzu ake kira AfroBasket, Sudan ce ta zo ta biyu, bayan masu masauki, ta sha gaban Maroko. A 1975 a Iskandariyya ta zo ta uku, bayan Masar da Senegal. A wancan zamani Angola, wadda daga baya ta mamaye wasan a Afirka, ko 'yancin kai ba ta daɗe da hangowa ba. Daga Sudan ɗin nan kuma Manute Bol ya fito, Badinke mai tsayin mita 2.31, wanda ya yi wasa a Khartum kafin ya tafi Amurka ya shiga NBA a 1985. Bayan haka sai abin ya yi ta ja da baya. Yaƙin Kudu ya tarwatsa yankin da dogayen 'yan wasa suka fi fitowa, iyalai suka watsu zuwa Masar da Kenya da Uganda da Ostireliya da Amurka, aka haifi yara ko aka raine su a can. Da aka raba ƙasa ranar 9 ga Yulin 2011, waɗannan yara sai suka zama na Juba, wato Sudan ta Kudu.

Abin da Juba ta yi da su shi ne labarin da ya fi kowane daɗi a ƙwallon kwandon Afirka cikin shekarun nan. Luol Deng, wanda aka haifa a Wau a 1985, ya yi gudun hijira zuwa Masar yana yaro, daga can iyalinsa suka koma Ingila. Ya yi suna a ƙungiyar Chicago Bulls, ya kuma buga wa Birtaniya wasa a Olamfik na Landan a 2012. Da ya yi ritaya sai ya karɓi shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta Sudan ta Kudu a 2019. A lokacin ƙasar ba ta da ko zauren wasa rufaffe guda ɗaya. Deng ya bi 'yan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya yana lallashi, ya riƙa biyan kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa, wani lokaci ma shi ke tsayawa a matsayin koci. A wasannin share fagen kofin duniya na 2023 sun yi wasa 12, suka ci 11. A gasar kanta sun doke Sin da Filifin da Angola, suka ƙare na 17, saman duk ƙasashen Afirka, wanda ya ba su kujerar Afirka a Olamfik na Faris. Kafin Olamfik ɗin, a watan Yulin 2024, sun yi wasan sada zumunta da Amurka a Landan, Amurkar da ta zo da LeBron James da Stephen Curry, aka tashi 101 da 100, da ƙyar Amurka ta sha. A Faransa kuma suka doke Puerto Rico 90 da 79.

Na san akwai masu cewa wannan ba nasarar ƙasa ba ce, nasarar 'yan ƙetare ce, tunda yawancin yaran a waje suka koyi wasan. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma mutumin Gadarif ne ya fi kowa cancantar ya ƙi ta. Garin da ya ga 'yan Tigray sun kwararo sansanin Um Rakuba a ƙarshen 2020, ya kuma ga mutanen Khartum da Wad Madani sun cika makarantu da gidajen 'yan'uwa tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya san cewa barin gida ba ya cire mutum daga ƙasarsu. Mu kanmu fiye da shekara ɗari ke nan da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu a kan hanyar Hajji, har yau kuma da Hausa ake ciniki a unguwanninmu.

Dokar FIBA ma ta yi tanadi a kan wannan. Duk wanda ya mallaki fasfon ƙasa kafin ya cika shekara 16, ɗan ƙasa ne cikakke a wurin hukumar ko a ina aka haife shi. Wanda ya samu bayan haka ana lissafa shi a matsayin wanda aka ba takardar zama ɗan ƙasa, kuma mutum ɗaya tak irin wannan aka yarda ƙungiya ta sa. Shi ya sa hukumomin da suka san abin da suke yi suke bin iyaye su yi wa yara fasfo da wuri.

Najeriya ta fi kowa a Afirka yawan irin waɗannan yara a Amurka, sai dai sakamakonta hawa da sauka ne. D'Tigers, ƙungiyar mazan ƙasar, sun je kofin duniya a 1998 da 2006 da 2019. A 2006 a Japan sun kai zagaye na biyu, Jamus ta fitar da su da maki ɗaya, 78 da 77. Sun ɗauki kofin Afirka sau ɗaya, a 2015 a Tunisiya, da suka doke Angola 74 da 65. Amurka ta yi musu kaca-kaca a Landan a 2012, 156 da 73, su kuma suka rama a wasan sada zumunta a Las Vegas a 2021, 90 da 87. Shekara guda bayan wannan, rikicin shugabanci ya raba hukumarsu gida biyu, har gwamnati ta sanar a watan Mayun 2022 cewa ta janye ƙasar daga wasannin duniya na shekara biyu. An soke matakin bayan 'yan makonni, amma ɓarnar ta riga ta auku: matan D'Tigress suka rasa kujerarsu a kofin duniya na 2022 aka ba Mali, mazan kuma ba su kai ga gasar 2023 ba. Cape Verde, tsibiran da mutanensu ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba, ita ta je. Arewa kuwa ba baƙuwa ba ce a wasan. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin Najeriya, kuma a Zariya Masai Ujiri ya tashi, mutumin da ya shugabanci Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019.

Akwai abin da ke rikita masu kallo game da yadda ake samun gurbi. A da, wanda ya yi fice a AfroBasket shi ke tafiya kofin duniya. Tun 2017 an canja. Yanzu AfroBasket duk shekara huɗu ake yi, kuma cin ta ba ya ba ƙasa tikiti. Angola ta ɗauki na 2025 a gidanta, karo na 12, bayan ta doke Mali 70 da 43, amma dole ta bi layi kamar kowa. Ƙasashe 16 ke shiga share fage, a raba su rukuni huɗu. Uku-uku su wuce, a sake haɗa su rukuni biyu na shida-shida, kowa ɗauke da sakamakonsa na baya. Na ɗaya da na biyu a kowane rukuni sun samu, sai wadda ta fi a cikin na ukun ta cike ta biyar. Ana buga wasannin ne kashi-kashi cikin fiye da shekara guda, wasu a Nuwamba da Fabrairu, lokacin da NBA ke gudana kuma ba ta sakin 'yan wasanta. Saboda haka ƙasar da ta dogara da taurarin Amurka kaɗai tana iya faɗuwa tun kafin taurarin su iso. Ga kuma ribar da ke gaba: a 2019 da 2023, ƙasar Afirka da ta fi sauran matsayi a kofin duniya ita ta wuce Olamfik kai tsaye, Najeriya a na farko, Sudan ta Kudu a na biyu.

Najeriya da Sudan ta Kudu duk suna cikin 16 da ke neman zuwa Doha. Sudan ba ta ciki. Mai cewa yaƙi ne ya hana bai yi ƙarya ba, amma ya tuna cewa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sudan, ƙarƙashin koci Kwesi Appiah ɗan Gana, ta sami gurbin gasar Afirka ta 2025 alhali wasanninta na gida a Libiya da Juba take buga su. Ƙwallon kwando kuma ya fi ta ƙafa sauƙin fili: mita 28 a tsaye, 15 a kwance, daɓen siminti da ƙarfe biyu, harabar makarantar sakandare ma ta isa. Yaran Sudan da yaƙin nan ya kai Alƙahira da Kampala da biranen Turai suna nan suna girma, kuma da yawansu ba su kai shekara 16 ba tukuna.