Gwajin ƙanjamau ya rikice? Kada a dakatar da wankin ƙoda

Kafin a ɗora mai ciwon ƙoda a kan na'urar wanki, sai an yi masa gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta nau'in B da C. To wani lokaci sakamakon ƙanjamau kan fito ba kai ba gindi: tsinke ɗaya ya nuna akwai, na biyu ya ce babu. A nan ne dangi ke tafka wauta.

Na san gidan da ƙanin majinyaci ya karɓi irin wannan takarda, bai jira likita ba, ya ɗauki hotonta ya tura wa dangi a WhatsApp. Kafin la'asar an ware wa bawan Allah kofi da kwano, surukai sun fara zancen a mayar musu da 'yarsu, masu haɗa kuɗin wanki kuma suka janye hannu, wai asara ce. Wanki ya tsaya. Bayan kwanaki ƙafafun majinyacin suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi sai a zaune. Haba jama'a! Wanda ƙodarsa ta daina aiki, ruwa da gishirin fotasiyam ne ke taruwa a jikinsa, kuma su ne za su tsayar da zuciyarsa tun kafin a gama gulmar takarda.

Gwajin ƙanjamau na tsinke ba ƙwayar cutar yake nema ba, sinadaran da garkuwar jiki ke samarwa don yaƙarta yake farauta. Mai wankin ƙoda kuwa sau da yawa an sha yi masa ƙarin jini, leda bayan leda, garkuwarsa ta samar da sinadarai iri-iri saboda jinin mutane daban-daban, wasunsu kan ruɗi gwajin. Allurar rigakafi da aka yi kwanan nan ma kan jawo haka. Amma fa yana iya zama sabon kamu ne da bai gama bayyana ba, shi ya sa ba a cewa babu komai a tafi gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sake gwajin bayan kwana 14. Akwai kuma gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta, wanda likita zai iya turawa a yi. Ku daina yawo da majinyaci daga wannan kemis zuwa wancan ana tsira masa yatsa, domin ruɗani kawai za ku ƙara. Ku gaya wa likita leda nawa aka ƙara masa da kuma yaushe. Takardar kuma sirrin mai ita ce, ba ta zauren dangi ba.

Ko an tabbatar yana ɗauke da cutar, wanki ba ya tsayawa. Magungunan ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya, likita ne zai zaɓi wanda ya dace da mai wankin ƙoda. Ranar wanki in ta zo, a kai shi.