Daga Fadar Halifofi Zuwa Anguwan Rogo: Tarihin Askirim

Kowa ya san Jos da sanyi. Garin yana bisa tudu mai tsawon wajen ƙafa 4,000 daga gaɓar teku, har ma a farkon damina akan yi ruwa da ƙanƙara, yara su fita suna tsinta suna tsotsa. Amma cikin watan Maris da na Afrilu rana takan buɗe sosai, kuma a lokacin ne kasuwar masu askirim take ci. Wanda duk ya bi ta Anguwan Rogo daidai tashin 'yan makaranta zai ga mai keke da farin akwatinsa yana matsa ham, yara sun yanyame shi. Gefe guda kuma ga 'yan mata da kuloli cike da askirim ɗin gida, wanda aka ɗaura cikin leda, na zoɓo da na kuka da na madara.

Abin da yaro yake saye a nan da 'yan canjin da aka ba shi na tara, a dā sai sarki ne yake ganinsa a akushinsa. Dalili kuwa shi ne, madara da zaƙi ba su taɓa wuya ga ɗan Adam ba. Sanyin shi ne mai tsada. Saboda haka tarihin askirim, in an bi shi a tsanake, labari ne na yadda mutane suka yi ta fama har suka iya ajiye sanyi, suka kuma iya ɗaukarsa daga wannan gari zuwa wancan.

Ƙanƙara a bayan raƙumi

Tun zamanin dā mutanen Farisa, watau Iran ta yanzu, suna gina wasu rumbuna na ƙasa masu kaurin bango da rami mai zurfi a ciki, su tara ƙanƙarar hunturu, su yi ta amfani da ita har cikin bazara. A ƙasar Sin kuma, zamanin daular Tang wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, an ruwaito cewa ana dafa nonon ɓauna da gari da kafur, a sanyaya shi cikin ƙanƙara domin fada.

Sarakunan Musulunci ma ba a bar su baya ba. Malam Ɗabari ya kawo a cikin littafinsa na tarihi cewa da Halifa Mahadi na daular Abbasiyya ya yi aikin Hajji a shekara ta 160 bayan Hijira, watau wajen 777 Miladiyya, an kai masa ƙanƙara har Makka, kuma shi ne halifa na farko da aka yi wa haka. Daga baya Alƙalƙashandi, magatakardan fadar Masar wanda ya rasu cikin 1418, ya bayyana yadda ake ɗauko ƙanƙara daga duwatsun Sham, wata a jirgin ruwa wata a bayan raƙuma, har zuwa Alƙahira, don kawai sarki ya sha abu mai sanyi. Irin wannan abin sha na ruwan 'ya'yan itace da sukari shi Turkawa suka kira sharbat, daga kalmar Larabci mai nufin sha, kuma daga nan mutanen Italiya suka ari sunan.

Sirrin gishiri

To, amma sanyaya abin sha daban, daskarar da shi daban. Madarar da aka zuba wa sukari ba ta daskarewa a ma'aunin da ruwa yake daskarewa, sai sanyi ya fi haka tsanani. Maganin wannan kuwa gishiri ne. Idan aka barbaɗa shi a kan ƙanƙara, sai ta riƙa narkewa tana janye zafin duk abin da ke kusa da ita, har sanyin ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifiri. In an tsoma kwano mai madara a ciki ana juyawa, sai madarar ta kama. Wani likita mutumin Sham, Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rasu cikin 1270, ya ambaci sanyaya ruwa da wani irin gishiri da ake haɗa albarushi da shi. A Indiya ma fadar Sarki Akbar ta yi amfani da wannan dabara wajen 1590.

Akwai labarin da ya bazu cewa matafiyin nan Marco Polo ne ya kai askirim Italiya daga Sin. Masana tarihin abinci sun ce wannan ƙanzon kurege ne. Abin da ya tabbata shi ne, cikin ƙarni na 17 mutanen birnin Naples sun gwanance da wannan sana'a, har wani shugaban masu girki, Antonio Latini, ya buga littafi cikin 1692 da 1694 mai ɗauke da yadda ake haɗa shi da madara. A Ingila kuwa, wurin wata liyafa da aka yi a fadar Windsor cikin 1671, teburin Sarki Charles na Biyu kaɗai aka kai wa askirim, sauran manyan baƙi sai kallo. Har a 1790 abin bai bar hannun masu hali ba, domin an ruwaito cewa shugaban Amurka na farko, George Washington, ya kashe wajen dala 200 a kansa cikin bazara ɗaya.

Yadda ya sauko wurin talaka

Abubuwa huɗu ne suka karya farashinsa cikin ƙarni na 19. Na farko cinikin ƙanƙara. Wani ɗan kasuwa na Boston, Frederic Tudor, ya riƙa sarar ƙanƙarar tafkuna yana lulluɓe ta da garin katako yana aikawa ƙasashe masu zafi. Cikin 1833 ya loda tan 180 a jirgin ruwa zuwa Kalkata ta Indiya, bayan tafiyar wata huɗu aka sauke wajen tan 100. Na biyu, cikin 1843 wata mata a Philadelphia, Nancy Johnson, ta yi rajistar wani bokiti mai marfi da mariƙin juyawa da hannu, wanda ya sa kowane gida zai iya yin askirim.

Na uku shi ne masana'anta. Jacob Fussell dillalin madara ne a Baltimore, kuma matsalarsa irin ta matan Fulani ce da damina: nono ya yi yawa, masu saye sun yi kaɗan, abin da ya kwana sai ya lalace. Cikin 1851 ya fara juya rarar zuwa askirim da yawan gaske, yana sayarwa da araha. Na huɗu kuwa, cikin 1876 wani injiniya Bajamushe, Carl von Linde, ya ƙera injin sanyi mai aiki da iskar amoniya. Daga nan aka daina jiran hunturu kafin a sami ƙanƙara.

Arahar ta zo da nata haɗari. A titunan Landan ana sayar da askirim na kwabo ɗaya cikin ɗan ƙaramin kofin gilashi, mai saye ya lashe ya mayar, a ɗauraye cikin ruwa mai dauɗa a zuba wa na gaba. Likitoci suka yi ta kuka cewa wannan hanya ce ta yaɗa tarin fuka da sauran cututtuka, har aka hana. Mazubin biskit mai kama da ƙaho, wanda ake cinyewa tare da askirim ɗin, ya yi suna ne a bikin baje koli na St. Louis cikin 1904, kuma cikin waɗanda ake danganta ƙirƙirarsa gare su har da wani mutumin Sham, Ernest Hamwi. A Ingila kamfanin Wall's, wanda asalinsa na sayar da nama ne, ya shiga yin askirim cikin 1922 don cinikinsa yakan faɗi da bazara, ya kuma baza masu kekuna cikin unguwanni.

Zuwansa Nijeriya

A ƙasar nan askirim ya biyo sawun firji ne. Jos ta sami wutar lantarki da wuri saboda haƙar kuza, domin kamfanin NESCO da aka kafa cikin 1929 ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra. Amma a wancan zamani firji, ko mai lantarki ko mai kananzir, sai a gidajen Turawa da manyan kantuna irin su Kingsway. Leburan kuza da ke sauka daga Kano da Katsina da Barno abin sanyinsu bai wuce ruwan randa da fura da nono ba.

Wanda ya fito da shi kan titi shi ne wani ɗan kasuwa mutumin Denmark, Erik Emborg, wanda ya fara da Gana, sa'an nan ya buɗe masana'antar Fan Milk a Badun cikin 1963. Dabararsa ita ce, tun da mai saye ba shi da firji, sai a kai masa firjin a kan keke. Cikin 1981 kamfanin ya buɗe masana'anta ta biyu a Kano. Kamfanin Danone na Faransa ya sayi hannun jari a ciki cikin 2013, ya kuma mallake shi gaba ɗaya cikin 2019.

Ga shanu, ina madara?

A nan ne abin mamaki yake. Tun daga farko masana'antar Badun da garin madara na ƙasashen waje ta fara, ana jiƙa shi da ruwa a haɗa da mai, kuma har yanzu akasarin askirim da yogot na kanti a ƙasar nan da irin wannan gari ake yin su. Alhali kuwa kudu da Jos kaɗan, bayan Bukuru, ga Vom, inda aka mai da cibiyar binciken lafiyar dabbobi cikin 1924. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jiragen ruwa suka yi wuya, a Vom ne gwamnati ta riƙa yin man shanu da cuku da nonon da ake saye daga rugagen Fulani. A can ne kuma aka yi aikin barbarar shanun Turai da bunaji, kuma gonar Integrated Dairies ta yi suna da yogot ɗin Farm Fresh. Ashe ke nan an riga an gwada, an ga Filato tana iyawa.

Cikas ɗin sananne ne. Abin da ake tatsa daga bunaji a rana bai cika wuce lita 1 zuwa 2 ba, da rani ma ya ragu, alhali saniyar Turai mai samun abinci da kulawa tana ba da lita 20 ko fiye. Ruga tana nesa da titi, nono kuwa ba ya jiran mota. In ba a sanyaya shi cikin 'yan sa'o'i ba sai ya yi tsami. Ga kuma rigingimun manoma da makiyaya da satar shanu, waɗanda suka tashi rugage da ƙauyuka da dama a jihar. Cikin 2019 Babban Bankin Nijeriya ya ce ƙasar tana kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 kowace shekara wajen shigo da madara. Cikin 2020 bankin ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da ita ga kamfanoni shida, cikin 2024 kuma ya janye wannan takunkumi. A wannan shekarar ce aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Ma'anar duk wannan ga mai keke ita ce, duk ranar da dala ta tashi, askirim ɗin da ke akwatinsa ya tashi, ko kuwa ya ƙanƙance.

Matan cikin gida

Wannan tsada ita ta buɗe wa matan aure kasuwa. A Anguwan Rogo, mai maƙwabtaka da Jami'ar Jos, da sauran unguwanni irinta, mace mai firiza takan dama garin kuka da madara da sukari, ko ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, ko ta tace tsamiya, ta ɗaura a leda ta daskarar. Da ribar ake yin adashi, a sayi littattafan yara, a rage wa maigida cefane. Amma jarinta duka yana rataye ne a kan waya. In wuta ta ɗauke kwana biyu, sai ta sayi ƙanƙara a wurin masu janareta, ribar ta tafi can, ko kuma kayan su narke.

Narkewar nan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Ya kamata iyaye su sani cewa sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. In an haɗa askirim da ruwan da ba a tafasa ba, ko madara ta narke ta yini cikin ɗumi sa'an nan aka sake daskarar da ita, to, ana iya ɗaukar gudawa ko taifot daga gare ta. Askirim na madara yana son sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Alamar wanda ya narke aka sake daskarar da shi ita ce ya yi tsakuwa-tsakuwa a baki, ko takardarsa ta lanƙwashe ta manne. Na kamfani a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Masu yin na gida kuwa su tafasa ruwa, su wanke hannu, su daina hura leda da baki, abin da ya narke na madara kuma kada a mai da shi firiza.

Halifa Mahadi ya buƙaci ayarin raƙuma kafin ya sha ruwan ƙanƙara. Yaron Anguwan Rogo abu uku kawai yake buƙata: tsabtataccen ruwa, da wutar da ba ta yankewa, da madara mai araha. Idan hukuma da 'yan kasuwa suka kafa wuraren tara nono masu injin sanyi, ko da na hasken rana ne, kusa da rugage, kuɗin da ke tafiya ƙasashen waje zai tsaya a hannun makiyayi da matarsa da mai keke da matar cikin gida. Vom ta yi irin wannan aiki shekaru fiye da 80 da suka wuce, lokacin da babu kwalta babu tarho a yawancin ƙauyuka. Allah ya ba shugabanni ikon waiwayar abin da aka bari.