Haƙƙin Naƙasassu A Ƙofar Masallaci

Jama'a, masallatanmu na Juma'a suna ta ƙaruwa, benaye da hasumiyoyi abin sha'awa. Amma mai ƙafa biyu ba ya lura da matakalar da ke bakin ƙofa. Gurgun da shan inna ya kama tun yana yaro, tilas ya bar kekensa a waje, ya ja jiki bisa hannuwansa, ya ratsa caɓalin wurin alwala, tufafinsa su ɓaci tun bai kai sahu ba. Makaho kuwa yana laluben hanya tsakanin kwata da tarin takalma, kurma kuma ya zauna har a sauke huɗuba bai san abin da liman ya faɗa ba. Da yawa saboda wannan wahala sun haƙura da jam'i.

Magabata sun girmama irin waɗannan bayin Allah. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, a kansa aka saukar da farkon Suratu Abasa. Ladani ne tare da Bilal, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha wakilta shi a Madina in zai fita yaƙi. Amru ɗan Jamuhu mai ɗingishi ne, ya yi shahada a Uhudu. Masana tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmaliki (705 zuwa 715) ya sa an ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu. Ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

To, Alhaji mai gina masallaci, buhunan siminti kaɗan sun isa a yi gangaren da keke zai hau, da famfo ƙasa-ƙasa na mai alwala a zaune. Kai kuma ma'aikaci, kada ka sa hannu a tsarin ginin da ya manta da su. Sadakar da ake jefa wa gurgu a bakin ƙofa ba ta sauke haƙƙinsa na tsayawa cikin sahu. Allah Ya sa mu gane, amin.