Gubar fumfuna a rumbunan Kafin Dafga

Idan kaka ta yi a Kafin Dafga da sauran garuruwan Karaye da Rogo, kowane gida ka leƙa sai ka tarar da masara da gyaɗa a shanya. Matsalar ita ce ruwan ƙarshen damina kan riski amfanin gona bai gama bushewa ba, manomi kuma yana sauri, sai ya ɗura a buhu da sauran danshi. Daga nan fumfuna ke samun wurin zama.

Akwai wata irin fumfuna, masana na kiranta Aspergillus flavus, wadda ke zaune a cikin ƙasar gona. Takan kama masara da gyaɗa tun suna tsaye, musamman idan fari ya takura su ko ƙwari sun huda su, sannan ta yaɗu a rumbu. Gubar da take fitarwa, afulatoksin, ba ta da launi ko ƙamshi, girki da suya kuma ba sa gamawa da ita. Duniya ta farga da ita a 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da gyaɗar Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya.

Mu a nan ba mutuwar farat ɗaya ce ta fi damunmu ba. Ɗan abin da ake ci kullum cikin tuwo da kunu shi ke lalata hanta a hankali har ya kai ga ciwon daji, haɗarin kuma yakan ninka sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasarmu. Binciken da aka yi a ƙasashen Binin da Togo ya danganta gubar da tsumburewar yara. Saniyar da ta ci dusa mai gubar ma takan fitar da wani ɓangare a cikin nononta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda muke tsince gyaɗa. Mai kyau, ƙosasshiya, ita ake kaiwa kasuwa, daga can ta wuce babbar kasuwar Dawanau. Wadda ta motse ko ta yi baƙi-baƙi, wato wadda ta fi ɗaukar guba, ita ake sayarwa da araha a yi ƙuli-ƙuli, ko a bar ta a gida a dama wa yara kunu. Ba rashin ƙauna ba ne, gudun asara ne. Amma ɗan da aka yaye da wannan kunun shi ke biyan kuɗin.

Rigakafi ba shi da tsada ƙwarai. A girbe a kan lokaci, a shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, a bari ƙwaya ta bushe ƙayau, a ɗora buhuna a kan katako. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani maganin rigakafin gubar mai suna Aflasafe, wanda ake watsa kilo 10 a hekta ɗaya makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Ya kamata malaman gona na hukumar KNARDA su kawo shi har ƙauyukan Karaye da Rogo kafin damina.

Uwargida, gyaɗar da kika tsince kika ga ba ta sayuwa, kada ta shiga tukunyar yara, kada kuma a ba dabba. A binne ta ko a ƙone.