Hunturu da wutar da ke ɓoye cikin ƙarfe

Duk wanda ya taɓa kama ƙofar mota cikin watan Janairu ya ji wani abu ya tsikare shi a yatsa, to ya gamu da ita. Wasu kan ce batirin mota ne ke yoyo, wasu su ɗora laifin kan kamfanin NIGELEC. Ba ɗaya daga ciki. Wannan wuta ce da ke taruwa da kanta idan abubuwa biyu sun gogu da juna sannan suka rabu: riga da kujera, takalmin roba da dardumar leda, tayar pusu-pusu da daɓe. Girkawan dā sun lura da ita wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, da suka ga busasshen ƙaro, in an goga shi, yana jawo ƙananan hakukuwa.

Da damina, laimar iska kan tsotse wannan wuta sannu a hankali ba wanda ya sani. Amma daga Nuwamba zuwa Maris, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, laima kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. A irin wannan bushewa, mutumin da ke tafiya bisa dardumar roba na iya tara bolt 35.000 a jikinsa. Adadin na da ban tsoro, sai dai wutar ba ta da yawa, shi ya sa ba ta kisa. Mutum ba ya ma jin tsikarin sai ya kai wajen bolt 3.000. A nan gizo ke saƙa: ƙasa da bolt 100 ya isa ya ƙona wasu ƙananan kayan da ke cikin salula ko kwamfuta.

Ma'ana, ɗan kasuwa na iya lalata kayansa da hannunsa bai ji komai ba. Wani lokaci ma kayan ba su mutuwa nan take; sai bayan sati biyu mai saye ya komo da fushi, a hau rantsuwa, a zargi dillalin Kano ko na Dubai. Haka a biro: a kwashe kayan cikin kwamfuta bisa kurar ƙarfe mai tayar roba, a kai mangaza, ranar da aka zo ɗorawa a tarar ba su aiki.

Mutane da yawa na zaton ƙarfe kariya ne. Ƙarfe hanya ce kawai, kuma hanyar da ba ta ɓulle ko'ina ba rumbu ce. Kantar ƙarfe da ke tsaye bisa ƙafafun roba, ko kura mai tayar roba, takan riƙe wutar har ranar da wani abu ya taɓa ta, sannan ta sake ta gaba ɗaya. Magani shi ne a ba ta mafita zuwa ƙasa, abin da masu aikin kuran ke kira "ter". A samu wayar jan ƙarfe, irin mai launin tsanwa da ɗorawa, a ɗaure ta da noti jikin kanta, ɗaya bakin a kai shi ga ter na gidan ko ga turken ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Fenti ba ya barin wuta ta wuce, don haka sai an kankare wurin ɗaurin, kuma a tabbata kowane hawa na kantar yana haɗe da sauran. Bututun ruwa na roba ba ya wannan aiki, bututun gas kuwa kada a kusance shi. Ita kura, akan sa mata ƴar sarƙa mai jan ƙasa ko tayoyi na musamman, amma sarƙar ba ta da amfani bisa leda ko daɓen da aka shafe da fenti. Mai gyara kuma ya ɗaura abin wuyan hannu mai waya. A cikinsa akwai abin rage ƙarfin wuta na megom 1, domin in ya taɓa kuran na gaske kada jikinsa ya zama hanya. Waya tsirara a wuyan hannu ganganci ne.

Asarar salula kuɗi ce. Ta isansi kuwa rai ce. Tururin isansi na kamawa da tartsatsin da ƙarfinsa bai wuce rubu'in milijul ba, alhali wanda ke fita daga yatsan mutum ya ninka haka sau da yawa. Shi kansa man, in yana gudu cikin tiyo ko yana faɗawa tano daga sama, yana haifar da wutar. Dalili ke nan da a manyan wuraren ajiyar mai ba a ɗura wa siterni sai an maƙala mata wayar ƙasa tukuna. Masu ruwa-ruwa da ke juye mai daga tano zuwa bido, daga bido zuwa kwalba a bakin titi, aiki ɗaya suke yi da waɗancan, ba tare da ko waya ɗaya ba. Ƙa'idar ba ta da tsada: a haɗa tano biyu da waya kafin a buɗe su, a sa bakin tiyo ya taɓa abin da ake cikawa, a zuba a hankali. Bidon roba ba ya ɗaukar waya, sai dai a sauke shi ƙasa kafin a cika shi, ba bisa mota ko babur ba.

Akwai masu cewa rairayin ƙasarmu ya bushe da yawa, turke ba zai yi aiki ba. Gaskiya ne ga kariyar tsawa da ta kuran ana bukatar turke mai zurfi da ya kai laima. Amma wannan ƙaramar wuta hanya kaɗan ta ishe ta. Abin da ya fi kashe aikin shi ne tsatsa da notin da ya kwance, don haka gara a kira mai aikin kuran ya auna wayar da na'urarsa kafin hunturu ya kama.