Ƙaramar Marsandi a Ƙasar Faskari: Cututtukanta da Tsadar Riƙonta

A zamanin da, doki shi ne ma'aunin arzikin Bahaushe. Da mota ta zo sai ta gaji wannan matsayi, kuma a cikin motoci babu wadda ta gaje shi kamar Marsandi. Asalin sunan Mercedes ne, watau sunan 'yar wani attajiri mai suna Emil Jellinek, harshen Bahaushe ya lanƙwasa shi. Da fari manyan sarakuna da hamshaƙan 'yan kasuwa ne kaɗai ke hawanta. Amma a 1982 kamfanin ya fito da wata ƙarama mai lamba 190, ya yi ta ƙera ta har 1993, sa'an nan ya maye gurbinta da jerin da ake kira C. Waɗannan ƙananan su ne suka tsufa a Turai, aka riƙa sauke su a Kwatano, da yawansu suka biyo ta Maraɗi suka shigo Katsina, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a farkon 2017.

Ta haka ne Marsandi ta zama abin da manomin Ruwan Godiya zai iya tayawa. Idan kaka ta yi albarka, ya kai masara kasuwar Ɗandume ta yi kuɗi, sai ya tarar tsohuwar Marsandi ba ta fi ƙarfinsa ba, wani lokaci ma ta fi tsohuwar Toyota araha. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Kuɗin sayenta ne ya faɗi, kuɗin riƙonta yana nan yadda yake tun tana hannun mai ita na farko.

Wurin da take fara ciwo shi ne ƙafafu. An ƙera ta ƙasa-ƙasa domin shimfiɗaɗɗun titunan Jamus, kuma kowace ƙafa ta baya tana rataye ne da hannuwan ƙarfe guda biyar, kowane da robobinsa da ake kira bushin. Wannan tsari shi ke ba ta laushin tafiyar da ake yabo. A hanyar burji kuwa, ko hanyar gona da zaizayar damina ta cinye, robobin nan kan mutu ɗaya bayan ɗaya. Mota ta fara ƙara, ta riƙa karkata, ta riƙa cin taya ta gefe guda. In direba ya yi ganganci a kwazazzabo, dutse na iya fasa kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin injin. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, ta fi ta tsayi daga ƙasa, shi ya sa ta daɗe tana sarautar waɗannan hanyoyi.

Sai zafi. Lagireton da ya shekara ashirin yakan toshe, balle ana ɗura masa ruwan rijiya maimakon ruwan da aka tanada dominsa, tsatsa ta bi ta cinye shi. Makanikai da yawa, da sun ga allura ta hau, sai su cire tamostat su yar, alhali ba shi ne mai laifi ba. Idan aka ci gaba da tafiya a haka cikin zafin watan Afrilu, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai, aiki ya koma na sauke kan injin.

Haka kuma ba ta shan kowane irin mai. Samfurin 190E ba kafireto gare ta ba, injekta ce ta kamfanin Bosch mai ƙananan kafofi, wadda ɗan datti ko ɗigon ruwa ke shaƙe ta. Mutumin ƙauye kuwa sau da yawa a galan yake sayen mai wajen 'yan bumburutu. Game da wuta, C ta farkon shekarun 1990 ta zo da wayoyin da rigarsu ke marmashewa saboda zafin injin, har waya ta taɓa waya. Masu injin Kompressor da aka fara fitarwa a 2002 kuma sun yi suna wajen saki na sarƙar taimin. Alamarsa ita ce ƙarar kacau-kacau idan an tayar da mota da sassafe. Wanda ya ji ya yi biris, ran da sarƙar ta tsallake haƙori, fistin ya daki bawul, to injin ya tashi aiki.

Duk waɗannan cututtuka suna da magani, wahalar ita ce nisan asibiti. Makanikin ƙauye ya ƙware a Golf da babur, domin su yake gani kullum, ba shi da kwamfutar da ake jona wa sababbin samfuri ta faɗi inda ke ciwo. Tilas a nufi Funtuwa, in abin ya gagara a aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ga shi C mai giya otomatik ba a tura ta ta tashi, kuma jan ta da igiya tafiya mai nisa yana lalata giyabos, saboda haka sai an ɗauko janwe. Kafin a taɓa ainihin gyaran, kuɗin ɗauka da kuɗin motar ɗan aike sun riga sun ci buhun masara ko fiye. A kasuwa kuma zaɓi uku ne: sabon kaya na asali mai tsadar gaske, ko na Beljiyam da aka ciro daga wata motar, ko jabu mai ɗauke da tambarin tauraro wanda ba ya kai wata uku. Hausawa dai sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma a nan gane nagarin ma ilimi ne.

Shekarar 2023 ta ƙara wa wannan nauyi. A Janairu inshorar dole ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki darajar naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 har ta wuce 1,500 a 2024, kuma kowane ƙusa na Marsandi da kuɗin waje ake sayo shi.

Akwai kuma wata tsadar da ba a rubuta ta a rasit. Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara na cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba, kuma a Ƙanƙara ne aka sace ɗalibai fiye da 300 a Disambar 2020. A irin wannan ƙasa, tauraron da ke goshin mota shela ne cewa mai gidan nan yana da abin biyan fansa, ko da kuwa bashi ya ci ya saye ta. Saboda haka wasu masu hali kan ajiye tasu a Funtuwa ko Katsina, su shiga ƙauye a kan babur. Wadda ta lalace aka kasa gyarawa kuma takan ƙare a kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, har ranar da masu yanka mota za su zo su taya ta, su kwashe injin da giyabos da fitilu zuwa Ƙofar Ruwa.