Ƙwayar Gulukos Ga Mai Ciwon Sukari: Sai Da Takardar Likita?

Masu ciwon sukari da yawa sukan taso daga ƙauyuka su shigo Kano ganin likita a Asibitin Murtala, kusa da Ƙofar Mata. In sun fito sai su gangara Kasuwar Kurmi su yi sayayya kafin su nemi motar gida. Wasunsu an gaya musu a asibiti su riƙa yawo da ƙwayar gulukos a aljihu. To, daga nan tambaya takan taso. Wannan ƙwaya likita ne zai rubuta ta? In ya rubuta, kyauta za a ba da ita? In ba a same ta ba fa, yaya za a yi?

Ga amsa tun da wuri. Ba a bukatar takardar likita kafin a sayi gulukos. Ba a kan ba da shi kyauta ba. In kuwa ba a samu ba, akwai abin da zai yi aikinsa a rumfunan Kurmi da kan teburin kowane mai shayi. Amma akwai awo, akwai lokacin sha, akwai kuma lokacin da ba a ba mutum kome a baki. Su ne muke so mu bayyana.

Me zai sa mai ciwon sukari ya sha sukari?

Ciwon sukari shi ne sukari ya yi yawa a cikin jini. Domin a rage shi likita yakan ba da allurar insulin, wadda aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, ko kuwa ƙwayoyin haɗiya. Wani lokaci maganin yakan zarce, sukarin ya faɗi ƙasa da yadda jiki ke bukata. A na'urar awon sukari, in lamba ta kasa 70, ko 3.9 a irin na'urar da ke ba da ƙananan lambobi, to sukari ya faɗi.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata shi take ci nan take. Saboda haka hawan sukari yakan yi kwanaki yana cin mutum sannu a hankali, amma faɗuwarsa tana iya kayar da ƙato cikin mintoci kaɗan.

Abubuwan da sukan kawo wannan sanannu ne. Manomi ya yi allura da asuba ya tafi huɗa bai karya ba. Ɗan kasuwa ya haɗiyi ƙwaya da safe, ciniki ya buɗe, abincin rana ya wuce shi har la'asar. Tsohuwa tana zazzaɓi ba ta iya cin tuwo, amma ba ta fasa shan magani ba. Shan giya ko burukutu ma yana kawo shi, haka nan ciwon ƙoda. Insulin da ƙwayar da aka rubuta glibenclamide a kwalinta, wadda aka fi sani da Daonil, su ne suka fi jawo shi. Mai shan metformin kaɗai ba safai abin yakan same shi ba.

Alamu

Da fari sai gumi ya keto wa mutum ko ba a zafi. Hannu ya kama rawa, gaba ya riƙa faɗuwa, yunwa ta taso gaba ɗaya, ido ya yi dishi-dishi. In ba a yi kome ba sai magana ta rikice, mutum ya yi fushi ba dalili, ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya bugu. Daga nan sai jijjiga, sai suma. A nan ne jama'a sukan ce iska ce, ko farfaɗiya, a shiga neman turare da hayaƙi, alhali kuwa ƙwayar sukari huɗu da an ba shi tun da fari da ta tashe shi.

Maganar takarda

A Nijeriya akwai magungunan da doka ta ce kada a sayar sai da takardar likita, akwai kuma waɗanda kowa yana iya saye. Gulukos yana cikin kashi na biyu, gama shi sukari ne tsantsa, irin wanda ke yawo a jinin mutum. An matse shi ne kawai ya zama ƙwaya don ya yi sauƙin ɗauka. Kowace ƙwaya takan yi giram 3 ko 4.

Likita yana iya rubuta sunansa a takarda don a tuna, amma rubutawa ba ta mayar da shi kyauta. A yawancin asibitocinmu majiyyaci ne ke biyan kuɗin magani. Masu inshorar lafiya ta tarayya, wadda dokar 2022 ta mai da ita Hukumar NHIA, da masu ta Jihar Kano, ana rage musu kuɗin magungunan da ke cikin jerin hukuma kaɗai. Wanda yake da katin inshora sai ya tambaya a ɗakin ba da magani kafin ya sa rai. Ko a Ingila, inda mai ciwon sukari da ke kan magani ba ya biyan kuɗin abin da likita ya rubuta masa, mutane da yawa da kuɗinsu suke sayen wannan ƙwaya a kanti.

A Kano an fi samun ƙwayar a manyan kantunan magani, gama daga waje ake kawo ta, tana kuwa da tsada. Garin gulukos na gwangwani ko na kwali shi ya fi yawa, kusan kowane kemis yana da shi. In za ku saya ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Abin da za a saya a Kurmi

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ake cin Kasuwar Kurmi, har yau kuwa ba a rasa kayan zaƙi a cikinta da kewayenta. Abin da ake nema shi ne giram 15 na sukari a sha guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa:

1. Ƙwayar gulukos 4 ko 5.
2. Garin gulukos cokalin shayi 4 zuwa 5 a rabin kofin ruwa.
3. Sukarin kwali mai ƙwaya-ƙwaya guda 3 ko 4.
4. Garin sukari cokalin shayi 4 a cikin ruwa.
5. Zuma babban cokali 1.
6. Rabin ƙaramar kwalbar lemo mai zaƙi. Wanda aka rubuta babu sukari a cikinsa ba ya aiki.
7. Dabino guda 3, in babu sauran, ko da yake bai kai su sauri ba.

Mu dai a wurinmu sukarin kwali ya fi dacewa da mutumin ƙauye. Ba ya tsada, ba ya zuba, ba ya bukatar cokali. A ƙulle guda 8 a leda saboda raɓa da tururuwa. Ƙulli ɗaya a aljihu ko a bakin zane, ɗaya a ƙarƙashin matashi, ɗaya a jakar gona ko a cikin rumfa. A gaya wa yara cewa wannan magani ne, ba na shayi ba.

Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, cakulan, nama da duk abu mai maiƙo ba su da amfani a wannan lokaci, domin mai yana jinkirta shigar sukari cikin jini.

Mutum ɗaya ne tilas sai gulukos: mai shan ƙwayar acarbose, watau Glucobay, tare da insulin ko Daonil. Aikin wannan ƙwaya shi ne ta hana hanji narkar da sukarin shayi da wuri. Irin wannan majiyyaci ya nemi ƙwayar gulukos ko garinsa, kada ya dogara ga sukarin kwali.

Yadda za a yi

Da zarar alamu sun fara, a bar aiki a zauna. Mai babur ko mota ya tsaya a gefen hanya. A sha giram 15 ɗin nan, a jira minti 15. In akwai na'ura a auna. In jiki bai dawo ba a sake shan wani awon. In an yi sau uku ba sauƙi, sai asibiti. In kuwa an warware, lalle a bi da abinci mai riƙe ciki, kamar tuwo, fura, burodi ko ɗanwake, in ba haka ba sukarin zai sake faɗuwa.

Mai shan Daonil ya lura ƙwarai. Ƙarfin wannan ƙwaya yakan kai yini da kwana a jiki, musamman ga tsofaffi. Mutum yana iya farfaɗowa da rana ya sake suma cikin dare. Irin wannan a kai shi asibiti ko ya ce ya ji sauƙi.

Wani zai ce, in babu na'ura yaya za mu san ko hawa ya yi ko faɗuwa? Hawa yakan zo ne da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala na kwanaki. Faɗuwa kuwa farat ɗaya take zuwa, da gumi da rawar jiki. In kun yi shakka, ku ba da sukarin. Ƙwaya huɗu ba za ta yi wa mai hawa wata ɓarna ba kafin a kai asibiti, amma tana iya ceton ran wanda nasa ya faɗi.

In ya riga ya suma

Kada a ɗura masa kome a baki, ko ruwa, ko lemo, ko jiƙo. Wanda ba ya iya haɗiya, abin huhunsa zai wuce ya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a sassauta masa riga, a nemi abin hawa nan da nan. A tafi da kwalin maganinsa, a gaya wa malamin asibiti tun daga ƙofa cewa mai ciwon sukari ne. A can za a sa masa ruwan gulukos ta jijiya, sau da yawa cikin mintoci kaɗan sai ya buɗe ido. Wannan ruwa na jijiya, da wata allura da ake kira gulukagon, su ne suke hannun ma'aikatan lafiya da takardar likita.

Abin da ba a saye da ka

Abin mamaki, mun fi jin tsoron sayen abin da ba ya bukatar takarda, sa'an nan mu sayi mai bukatarta ba tare da ita ba. Insulin, Daonil da metformin duk sai da awon likita. Kada a sayi rabin kati a hannun mai talla don maƙwabci ya ce ya yi masa aiki. Kada a ninka ƙwaya yau don an manta jiya.

Kurmi ta yi suna wajen saiwoyi da sassaƙe, masu ciwon sukari da yawa kuwa sukan haɗa na gargajiya da na asibiti. Wasu itatuwa suna rage sukari da gaske, to in suka haɗu da ƙwaya a ciki ɗaya, ba wanda ya san inda awon zai tsaya. Wanda yake shan jiƙo kada ya ɓoye wa likita.

Haka nan kada gulukos ya zama abin sha na kullum. Mun saba kai wa mara lafiya gwangwaninsa don ya ƙara ƙarfi. Ga mai ciwon sukari wannan cuta ce, sai dai a lokacin da sukarinsa ya faɗi.

Masu azumi

Ko azumin watan Ramalana ne, ko na 'yan'uwa Kirista, mai yin allura ko mai shan Daonil ya ga likita kafin a fara, domin a gyara masa awo da lokacin sha. Likitoci sun ce in lamba ta kasa 70, ko alamu suka bayyana, a karya nan take, ko saura kaɗan rana ta faɗi. Malaman addini sun san rangwamen da aka yi wa mara lafiya, sai a tambaye su.

Daga ƙarshe, ciwon nan ba abin ɓoyewa ba ne. Mai shi ya gaya wa iyalinsa da abokin rumfarsa da waɗanda suke gayya tare inda ƙullin sukarinsa yake, gama in abin ya yi tsanani shi kansa ba zai iya faɗa ba. Ya sa a rubuta masa 'yar takarda mai sunansa da sunan maganin da yake sha, ya ajiye ta tare da ƙullin. Wanda ya iya karatu kuma, muna roƙo ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. Allah ya ƙara mana lafiya.